Bargon Ƙyallaye a Ƙasar Tofa

Idan azumi ya raba tsakiya, telolin Tofa da Lambu da Janguza ba su da barci. Keke na kuka tun daga bayan asham har sahur, almakashi na cin atamfa da shadda da yadi, ƙasan shago kuwa na cika da abin da ya ragu: ƙyallen da aka fafe daga wuyan riga, siririn gefen zani, kusurwar da ta faɗo wajen yanka hannu. Tela ba ya share wannan tari ya kai juji. Buhu yake samu ya cusa shi ya jingine a lungu, don ya san masu shi na nan tafe.

Bayan Sallah da kwana biyu sai ka ga yarinya ta tsaya a ƙofar shago ta durƙusa. "Baba, ina wuni? Inna ta ce a gaishe ka, ta ce ko an tara mata ƙyallayen." Shi kuma ya nuna mata buhu, ya ce ta gaida Innar. Wani telan kyauta yake bayarwa, wani a ba shi na goro, wani kuma matarsa ce ke da hakkin buhun, ba mai taɓa shi. Akwai kuma ƙa'idar da kowa ya sani: babban ƙyalle na mai kaya ne, tela mai tsoron Allah yakan naɗe shi cikin ɗinkin ya mayar. Ƙananan da mai su ya yafe su ne ke shiga buhu.

Tofa ƙaramar hukuma ce a yamma da birnin Kano, tana maƙwabtaka da Dawakin Tofa da Rimin Gado da Ungogo. Tana cikin yankin nan na kewayen birni inda gona ta haɗe da gona, babu sauran daji, wanda masanin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazarinsa tun shekarun 1960. Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin cewa wanda gonarsa ba ta da faɗi ba ya zubar da komai. Karan dawa ya zama danga da makamashi, harawa ta zama abincin tumaki, toka da kashin awaki su koma gona a kan jaki. Tufa ma haka take tafiya. Zanin fita idan ya kwana biyu ya koma na zaman gida, daga nan ya zama na goyo, sannan majanyi, sannan gammo, har ya ƙare a tsumman sauke tukunya. Bargon ƙyallaye ɗaya ne daga cikin matakan wannan doguwar tafiya.

Sai dai kuskure ne a ɗauka talauci kaɗai ya haifi wannan ɗinki. Haɗa tufa daga siraran yankuna shi ne asalin yadda Bahaushe ya san tufa. Kafin yadin kanti ya shigo, mata ne ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari, su fitar da zare da abawa. Masaƙi ya miƙe zarensa a fili, ya ɗaure shi a kunkuru, yana taka ƙafa yana jefa ƙoshiya, abin da ke fitowa kuwa doguwar ƙwarya ce siririya, wadda sau da yawa faɗinta bai wuce 'yan yatsu ba. Ba a sa ƙwarya ɗaya a jiki. Sai maɗinki ya yanka ta daidai tsawon da ake so, ya jera, ya haɗa gefe da gefe da allura, sannan a sami zani ko riga ko mayafi. Fari da saƙi da barage da tsamiya duk ta wannan hanya suke zama babbar riga. Gwado da luru, waɗanda iyaye da kakanni suka lulluɓa da su a hunturu, su ma ƙwarya-ƙwarya ake haɗa su. Turkuɗin da ake rinawa a Kura domin Buzaye ya fi kowane sirantaka, ƙwaryarsa ba ta kai faɗin inci ɗaya ba, kuma haka ake bin ta ɗaya bayan ɗaya a ɗinke.

Da wannan aiki na allura Kano ta yi suna. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a nan suna kaiwa Tumbutu da Gat da Murzuk har Tarabulus, ya kuma ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara bai gaza na wuri miliyan 300 ba. Babban ɓangare na wannan saƙa da rini a ƙauyukan da ke kewaye da birni ake yinsa, da rani, bayan an kai amfani rumbu.

Cusa auduga tsakanin tufa biyu a bi da ɗinki shi ma ba baƙo ba ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunarsa. Lifidi tufa ce mai kauri da ake cusa wa audugar rimi a ɗinke ta layi-layi, a sa wa doki da mahayinsa domin kibiya ta rasa wurin shiga. Duk wanda ya tsaya kallon hawan Sallah a Kano ya ga 'yan lifidi, ya kuma ga yadda ake haɗa ja da kore da rawaya a jikin kayan dawakinsu. Hikimar da ke cikin lifidi ita ce dai matar ƙauye ke amfani da ita yau, sai dai ita sanyin jaura take karewa.

Zamani ya juya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin Ingila ya cika kasuwa, keken ɗinki ya biyo baya. A 1957 aka buɗe masaƙar zamani ta farko a Kaduna, wasu suka biyo ta a Kano, yawancinsu kuma suka durƙushe a farkon shekarun 2000 da atamfar Sin ta mamaye kasuwar Kantin Kwari. Masaƙan hannu sun ragu ƙwarai, ko da yake har yanzu ana jin ƙarar ƙoshiya a wurare irin su Minjibir. Abin da bai ɓace ba shi ne idon da ya san yadda ake jera siraran yankuna su zama shimfiɗa ɗaya. Ya dai tashi daga hannun maɗinkan riga ya koma cikin gida, hannun mata.

Aikin bargon yana farawa ne da zazzage buhu a kan tabarma, galibi da hantsi bayan an gama aikin gida, ko da la'asar a inuwar zaure na ciki. Mai ɗinki takan fara da rarrabewa. Atamfa gefe guda, shadda gefe guda, yadin maza gefe guda. Leshi da yadi mai santsi irin na roba takan ware su, domin ba sa zama lafiya da auduga: wanki ɗaya sai wannan ya tsuke wancan bai tsuke ba, bargo ya murɗe. Wanda take shakkar rininsa, musamman ja da shuɗi mai duhu, sai ta jiƙa shi a kwano ta murza. Idan ruwa ya canza launi ta san zai zuba, ba za ta sa shi kusa da fari ba.

Sannan yanka. Gwanaye ba sa bin ƙyalle da almakashi har ƙarshe. Sukan ɗan tsaga bakinsa kawai su ja da hannu biyu, yadin ya yage a miƙe yana bin zarensa. Ma'auni kuwa yatsu ne, uku ko huɗu, wata kuma ta yanki kwalin sabulu ta riƙa ɗorawa don kada wani ya fi wani faɗi. Gajerun yankuna ana haɗa su kai da kai har su yi tsawon gado, sai a naɗe kowane layi a ajiye. Idan layuka sun taru, ta shimfiɗa su a ƙasa ta miƙe tsaye ta duba. Nan ne ake gane gwana. Takan raba masu haske da masu duhu, ta sa layin yadi marar zane tsakanin atamfa biyu masu hayaniya domin ido ya huta, ta ɗauke wannan ta mayar can, kishiya ko 'yar ɗaki na gefe tana cewa, "Yaya, wannan koren ya yi kusa da ɗan'uwansa, matsar da shi."

Mai keke, irin Butterfly ko tsohuwar Singer ta gado, takan haɗa layukan cikin 'yan kwanaki. Marar keke ta zauna da allura, ta ɗauki makonni, tana yi tana ajiyewa. Ƙwararru sukan ɗinka layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, na gaba daga ƙasa zuwa sama, saboda idan aka bi hanya ɗaya kullum shimfiɗar takan karkace. Bayan nan a kwantar da bakin ɗinkin da dutsen guga na gawayi.

Idan zanin gado ake so, sai a kalmashe baki, aiki ya ƙare. Idan kuwa bargo ne, saura rabin aiki. Ana shimfiɗa tsohon zani mai ƙwari a ƙasa, a ɗora tsohon mayafi ko bargon da ya sha jiki a tsakiya, a rufe da fuskar ƙyallayen. Sai a bi duka ukun da ɗinki layi-layi, tazarar tafin hannu, a fara daga tsakiya a nufi baki don kada ya yi ƙulli. Mai sa audugar rimi dole ta matse layukan ɗinkinta, in ba haka ba audugar za ta gangara ta taru a kusurwa ɗaya. A ƙarshe a naɗe bakin da yadi mai launi ɗaya, kowane gefe huɗu.

A Disamba da Janairu, lokacin da sanyin dare a ƙasar Kano kan sauka ƙasa da digiri 15, ake sanin darajar wannan aiki. Bargon kan rufe yara uku a shimfiɗa ɗaya. Tsohuwa takan yafa shi tana jin wuta da asuba. Uwa takan naɗe shi ta sa a kayan ɗanta da za a kai tsangaya ko makarantar kwana. Ana yi wa jariri ƙarami mai laushi a shimfiɗa masa a tsakar ɗaki. Ragowar ragowa ma ba ta tashi a banza: a cusa ta a matashi, a tufka ta a yi abin goge ƙafa na bakin ƙofa, 'yan mata ƙanana su kwashi sauran su yi wa 'yar tsana zani da ɗankwali, wanda a nan yawancin mata suka fara koyon zura zare a allura.

Matan gida kuma suna karanta bargon. Wannan ankon bikin wance ne, wancan atamfar lefen mai ɗakin ce, ga shaddar Sallar da aka yi da ruwa, ga yankin rigar marigayi Malam. Abin da baƙo zai gani launuka kawai, su tarihin gidansu suke gani, shi ya sa ba kasafai ake sayar da irin wannan ba ko an taya.

Duk da haka akwai masu jin kunyarsa. A jeren amarya ba ka ganinsa a kan gado, bargon kanti mai gashi ne ke sama, na ƙyallaye yana ƙarƙashin katifa sai baƙi sun watse. Wannan kunya ba ta da tushe. Littattafan tarihin Musulunci sun kawo cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya sa tufa mai faci yana Halifa. Ansaru mabiya Mahadin Sudan, wanda ya bayyana a 1881, jibba mai faci ce alamarsu. A Senegal, 'yan Baye Fall almajiran Shehu Ibra Fall na ɗariƙar Muridiyya har gobe suna alfahari da rigunansu na haɗe-haɗe. A Amurka kuwa, matan wani ƙauyen baƙar fata mai suna Gee's Bend a jihar Alabama, jikokin bayi, sun shekara da shekaru suna haɗa barguna daga tsofaffin kayan aikin gona. A 2002 aka baje kolin aikinsu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 hukumar gidan waya ta ƙasar ta buga hotunan bargunan a jikin kan sarki. A can har kamfanoni ke yanka sabon yadi siri-siri, faɗin inci 2 da rabi, su naɗe kimanin 40 a dunƙule ɗaya su sayar wa masu sha'awar wannan ɗinki. Abin da suke biya da dala, a Tofa yana jingine a lungun shagon tela.

Abin da ya rage wa matan ƙasar Tofa, irin su na Doka da Yarimawa da Langel, ba gwaninta ba ne. Suna buƙatar keke mai kyau, da ma'auni tsayayye domin bargo ya yi daidai da gadon da ake sayarwa a kasuwa, da sabon yadi na baya maimakon tsohon zani idan na sayarwa ne, da kuma wanda zai kai kayan birni ya saka hotonsu a waya. Cibiyoyin koyar da sana'a na mata da makarantun Islamiyya na matan aure su sa wannan ɗinki cikin abin da suke koyarwa, su kuma ɗauko malamansa daga cikin tsofaffin unguwa tun suna da ƙarfin ido. Teloli su ci gaba da tara buhu, su daina ƙona shi a bayan shago. Mai shirin sayen bargo a hunturun bana kuma ya fara tambaya a cikin unguwarsu kafin ya hau mota zuwa Kantin Kwari.