Abubuwan da ya kamata ka sani game da zama alƙali a Kotun Duniya

Kotuna biyu ne a birnin Hague da mutane ke yawan rikita su. Ɗaya tana hukunta mutanen da ake zargi da manyan laifuka. Ɗayar kuwa, Kotun Duniya, ƙasa da ƙasa kawai ke gurfana a gabanta, kamar yadda Najeriya da Kamaru suka yi kan Bakassi har aka yanke hukunci a 2002. Kan wannan ta biyun muke magana.

Babu makarantar alƙalan duniya

Dokar kotun ta nemi abu biyu: mutum ya zama mai mutunci, sannan ko dai ya cancanci kujerar alƙalanci mafi girma a ƙasarsa, ko kuma a san shi da zurfin ilimin dokokin ƙasa da ƙasa. Babu jarrabawa, babu takardar neman aiki. Shi ya sa da yawansu ba daga kotu suke zuwa ba. Malaman jami'a ne ko jami'an diflomasiyya.

Hanyar da Taslim Elias ya bi

An haife shi a Legas a 1914. Ya yi aiki a hukumar jiragen ƙasa, bai sami digirin lauya a Landan ba sai 1946, ya riga ya haura talatin. Digirin digirgir ya biyo baya a 1949. A 1956 ya fitar da littafinsa kan dokokin gargajiyar Afirka, a zamanin da Turawa da dama ba su ɗauki al'adunmu a matsayin doka ba.

Shi ne Antoni Janar na Najeriya lokacin samun 'yancin kai a 1960, ya shugabanci sashen shari'a na Jami'ar Legas, ya zama Alƙalin Alƙalai a 1972. A ganina, abin da ya buɗe masa ƙofar Hague yana waje ne: shekarun da ya yi a hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara dokokin ƙasa da ƙasa, da jagorantar babban kwamitin taron Vienna kan yarjejeniyoyi a 1968 da 1969. A can masu kaɗa ƙuri'a suka san shi.

Gwamnatin Murtala ta sauke shi daga kujerar Alƙalin Alƙalai a 1975. Ba a daɗe ba aka zaɓe shi Kotun Duniya, ya kama aiki a 1976, ya shugabance ta daga 1982 zuwa 1985, ɗan Afirka na farko a wannan kujera. Da ya rasu a 1991, Bola Ajibola ne ya ƙarasa wa'adinsa.

Zaɓen siyasa ce

Alƙalai 15 ne, wa'adin shekara tara, ana sabunta biyar duk bayan shekara uku, kuma ƙasa ɗaya ba ta samun kujera biyu. Dole ɗan takara ya sami rinjaye a Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya da kuma Kwamitin Sulhu, kowanne yana zaɓensa daban, kuma hawa kujerar na ƙi ba ya aiki a nan.

Ilimi kaɗai ba ya kai mutum. Jakadu na yawon kamun ƙafa, ana cinikin "ka ba ni, in ba ka". A 2017 an yi ta kaɗa ƙuri'a tsakanin Christopher Greenwood na Birtaniya da Dalveer Bhandari na Indiya, kowa na riƙe da zaure ɗaya, har Birtaniya ta janye. Karon farko ke nan tun 1946 da kotun ta zauna ba ɗan Birtaniya a cikinta.