Zaɓen Ƙota Mai Ƙarko Domin Wuƙar Daji

Manomi da makiyayi da maharbi da mai ɗiban zuma duk ba su shiga daji sai da wuƙa a ƙugu. Da ita ake yanke igiya, a feƙe turke, a sassaƙo ɓawon magani, a feɗe dabba. Amma idan mutum ya je kasuwa sayen wuƙa, galibi kaifi yake dubawa. Ya shafa bakin da babban yatsa, ya ƙyasta ƙarfen ya ji amonsa, ya biya ya yi gaba. Kaɗan ne ke tsayawa su duba ƙota, watau mariƙin wuƙar. Alhali kuwa ƙarfe mai kyau yakan yi shekaru masu yawa ana wasa shi, ƙota ce ke fara gazawa. Ƙotar da ta tsage, ko ta yi girgiɗi, ita ke sa hannu ya zame ya faɗa kan kaifi. Rauni ɗaya a tafin hannu a tsakiyar damina yana iya hana magidanci noma har ciyawa ta ci gonarsa.

Wannan ɗan littafi zai bayyana abin da ke lalata ƙota, da irin kayan da suka fi jurewa, da yadda mai saye zai gane ta ƙwarai. An ɗauki Jos a matsayin misali, domin yanayinta yana gwada ƙota gwaji mai tsanani. Abin da ya jure a can zai jure a yawancin sassan ƙasar nan.

Abin da ke Lalata Ƙota

Birnin Jos yana bisa tsauni, wajen mita 1,200 sama da bakin teku. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba ana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400, iska ta cika da laima. Daga Nuwamba kuma hunturu ya sauko, iska ta bushe ƙarau, leɓe ya tsage, dare ya yi sanyi ƙwarai.

Itace, ko da an daɗe da sare shi, bai daina shan laima daga iska ba, bai kuma daina sakinta ba. Idan ya sha sai ya kumbura, idan ya saki sai ya tsuke. Kowa ya san ƙyauren katako da ke ƙin rufuwa da damina, da rani kuma ya bar kafa. Wannan motsi ta faɗi yake yi da kauri, ta tsawo kusan babu. Shi kuwa ƙarfen da ke cikin ƙota babu ruwansa da laima, yana nan yadda maƙeri ya bar shi. Saboda haka kowace shekara itacen yana motsi a jikin ƙarfen da ba ya motsi. A hankali ramin ya buɗe, ko kuwa itacen ya tsage daga baki. Da zarar an sami kafa, ruwa da jini da gumi su shiga, wutsiyar ƙarfen ta yi tsatsa a ɓoye, har wata rana ta karye ana cikin aiki.

Ban da laima akwai gara da ƙwarin da ke huda itace, akwai zafin rana da na wuta, akwai kuma duka, domin mutane da yawa sukan mai da gindin wuƙa guduma.

Itatuwan da Suka Fi Dacewa

Ƙa'ida ta farko ita ce a nemi itace mai nauyi, mai matsattsen jiki. Ta biyu, a ɗauki zuciyar itacen, watau ɓangaren ciki mai duhu, a bar farin da ke kusa da ɓawo, domin shi ƙwari suka fi ci, shi ne kuma ke saurin ruɓewa.

Kirya tana gaba. Zuciyarta ja ce mai duhu, tana da tauri ƙwarai, gara ba ta cika damunta ba. Saboda wannan tauri ne ake sassaƙa taɓarya da ita, maƙera kuma suka fi son gawayinta. Aibinta kawai wuyar sassaƙa, tana dakusar da gizago.

Marke shi ma yana da nauyi da ƙarfi, kuma an daɗe ana yin ƙotar fartanya da ta gatari da shi. Yana jure duka, amma yana bukatar a busar da shi a hankali don kada ya tsage.

Kanya tana da laushin fuska idan an goge ta, ba ta tsira wa hannu sartse, gara kuma tana shakkarta. Aduwa, wadda ake yin allo da ita, da bagaruwa, da zuciyar tsohuwar tsamiya, duk suna yin ƙota mai kyau. Inda waɗannan suka yi wuya, reshen tsohuwar gwaiba yana da tauri da juriya, ana kuwa samunsa a lambuna da gidaje ba tare da an shiga daji ba.

Itatuwan da ya Kamata a Guje wa

Rimi da kuka da gawo ba su da ƙarfin riƙe ƙarfe. Malaina tana da sauƙin aiki, shi ya sa kafintoci ke sonta, amma ba ta da nauyi, ƙusa tana sassautawa a jikinta.

A Jos akwai wani abin lura na musamman. Haƙar kuza da aka shiga yi gadan-gadan tun farkon ƙarni na 20, da neman itacen wuta, sun rage itatuwan asali a bisa tsaunin. Domin gyara filayen da aka haƙe aka shuka itacen turare mai yawa, wanda waɗansu ke kira zaiti, asalinsa daga Ostareliya. Shi ne mai araha a wajen Jos da Bukuru, don haka yakan shiga ƙota. Yana da nauyi, gaskiya ne, amma yana tsukewa da yawa wajen bushewa, yana murɗewa, yana tsagewa. Bai kamata a yi ƙota da shi ba sai wanda ya tsufa, ya bushe sarai, aka duba babu tsaga.

Bushewa da Lokacin Sa Ƙota

Ko kirya ce, in ɗanya ce ba ta da amfani. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, ƙotar da aka yi da shi za ta kama ƙarfe tamau a ranar saye, bayan wata biyu ta saki. A yanka itacen gunduwa-gunduwa, a shafe bakunan biyu da kakin zuma ko fenti don kada su riga tsakiya bushewa su tsage, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da ƙasa. Kada a shanya a rana. Wanda ke da ma'auni ya riƙa auna gunduwar kowane mako. Ranar da nauyi ya daina raguwa, itacen ya bushe. Abin da ya fi, a bar shi ya ga hunturu guda cikakke.

Daga nan wata dabara ta fito wadda ba ta cin ko kwabo. A sa wa wuƙa ƙota da rani, tsakanin Disamba da Maris, lokacin da itace ya kai iyakar tsukewarsa. Idan damina ta zo sai ya kumbura ya ƙara kama ƙarfen. Ƙotar da aka sa a watan Agusta kuwa a kumbure take, hunturu na zuwa za ta saki.

Wajen sassaƙa, a bi zaren itace daga baki zuwa gindi. Ƙotar da zarenta ya karkace, ko mai idon reshe a tsakiya, a nan za ta karye.

Ƙaho da Fata

Ƙahon sa abu ne mai ƙarko, ana kuma samunsa a mahauta a kan kuɗi kaɗan. Jinsinsa ɗaya da kofato da farce. Ruwa ba ya kumbura shi kamar itace, gara ba ta cin sa. Sai dai tsinin ƙahon ne kaɗai cikakke, sauran rami ne. Yana da santsi idan ya jiƙe da jini ko mai, saboda haka a yi masa tsaga-tsaga inda yatsu ke zama. Zafin wuta yana tausasa shi, bushewa mai tsanani kuma tana iya sa ya ɓare falle-falle idan ba a shafa masa mai.

Dukawa sukan naɗe ƙota da jan fata, ta yi kyau, ta kuma zauna a hannu. Akwai kuma waɗanda ke jera fata faifai-faifai a jikin wutsiyar ƙarfe su matse, irin yadda aka yi wa wuƙar Ka-Bar ta sojan ruwan Amurka tun 1942. Fata ba ta da sanyi a hannu, ba ta tsagewa. Amma tana shan ruwa da jini, idan ba ta bushe ba sai ta yi hunhuna ta ruɓe. Ta fi dacewa da wurare masu ƙarancin ruwa kamar Sakkwato da Katsina. A Jos, da kudancin ƙasar nan, sai mai kula ƙwarai.

Roba da Ƙarfe

Robar masana'anta iri-iri ce. Mai kyau ba ta shan ruwa, tana wankuwa sarai, shi ya sa ta dace da mahauta da masunta. Mai araha kuwa rana tana cinye ta har ta yi gautsi ta fashe, idan ta kusanci murhu ta narke, kuma in ta fashe ba ta gyaruwa. A cikin wuƙaƙen waje masu tsada akan ga wani abu mai suna Micarta, wanda kamfanin Westinghouse ya fito da shi a Amurka wajen 1910. Yadi ne ko takarda ake jerawa, a jiƙe da wani irin danƙo, a matse da zafi. Laima ba ta motsa shi, bai kuma cika santsi ba. Illarsa tsada da wuyar samu.

Ƙotar alminiyam ko ta bututun ƙarfe ba ta ruɓewa, amma da asubar hunturu a Jos takan yi sanyin da yatsu za su sandare, da rana ta yi zafi, da gumi kuma ta yi santsi. Wanda ke da irinta ya naɗe ta da fata ko tsumman tayar keke.

Yadda Ƙarfe ke Zama Cikin Ƙota

Itace mai kyau ba ya ceton mugun haɗi. Wutsiyar ƙarfe ta kai aƙalla kashi biyu cikin uku na tsawon ƙota. Wadda ta fi ita ce wadda ta ratsa har gindi aka tanƙwara ta, ko kuwa mai faɗi wadda aka haɗa mata fallen itace biyu da ƙusoshi biyu ko uku. Al'adar gasa wutsiya ta yi ja a soka ta cikin itace tana da sauri, amma tana barin gawayi a ramin, gawayi kuwa yana marmashewa. Gara a fara huda ramin, a gasa kaɗan don daidaitawa kawai. A kuma sa zoben ƙarfe ko na tagulla a bakin ƙota, domin daga nan tsaga ke farawa.

Doka da Kiyaye Daji

Ƙotar wuƙa ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, saboda haka babu dalilin kā da bishiya dominta. Busasshen reshe, ko guntayen da masassaƙa da 'yan kasuwar katako ke zubarwa, sun isa. Saran itace a gandun daji na gwamnati ba tare da izini ba laifi ne. Madobiya, wadda aka yi wa sara mai yawa domin fitarwa ƙasashen waje, ta shiga jeri na biyu na yarjejeniyar CITES a 2017, maɗaci da kawo kuma suka bi ta a 2023. Wannan yana nufin cinikinsu tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin tsaro, domin suna raguwa. Hauren giwa kuwa haramun ne. Dokar kare namun daji masu ƙarewa ta 1985 ta kare giwa, an kuma hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989. A watan Janairu 2024 Gwamnatin Tarayya ta niƙe haure kimanin tan biyu da rabi a Abuja.

Mai neman ƙarin bayani a kan itatuwan yankinsa yana iya tuntuɓar ma'aikatan gandun daji na jiharsa. A Jos akwai Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya, wadda aka kafa a 1958.

Abin da Mai Saye Zai Duba

1. Ya riƙe ƙarfen da tsumma, ya murɗa ƙotar. In ta motsa ko kaɗan, ya ajiye ta.
2. Ya danna farce a itacen. In ya shiga, itacen ba shi da ƙarfi.
3. Ya duba baki da gindi ko akwai tsaga, ko ƙananan ramuka masu fitar da gari. Fenti mai kauri yakan ɓoye aibi.
4. Ya damƙe ta ya gani ko ta cika hannunsa. Ƙota mai ɗan faɗi ta fi mai zagaye, domin ba ta juyawa.
5. Ya jiƙa hannu ya sake riƙewa, ya tabbata akwai tudu ko kariya da za ta hana yatsa kaiwa ga kaifi.
6. Ya tambayi maƙeri sunan itacen da lokacin da aka sare shi.

Bayan saye, a riƙa shafa wa ƙota man kaɗe ko kakin zuma a farkon damina da farkon hunturu. A wanke ta bayan fiɗa, a goge nan take, kada a bar ta kwance a ruwa ko kusa da murhu, kada kuma a mayar da ita kube tana jiƙe. Ƙotar da ta fara girgiɗi a kai ta maƙera tun ba ta yi ɓarna ba. Wanda kuma wuƙa ta yi wa rauni mai zurfi ya wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ya je asibiti domin a duba, a yi masa allurar rigakafin tetanus. Kuɗin sabuwar ƙota bai kai na ɗinkin hannu ba, kuma rigakafi ya fi magani.