Ɗan Wasa Kirista da Jimirin Bangaskiya

Yaran da ke buga ƙwallo da yamma a filayen makaranta na Furfuri, Bunguɗu da Tsafe sun san Victor Moses ta gidan kallo, sanye da shuɗiyar rigar Chelsea. Ba kowa ya san wutar da ya ratsa kafin ya kai can ba. A Kaduna ya taso, mahaifinsa fasto ne. A rikicin addini na 2002 aka kashe iyayensa duka biyun yana ɗan shekara 11, daga nan aka kai shi Ingila neman mafaka.

Ya buga wa Ingila a matakin matasa, kuma da ya juya wa Najeriya baya, da wuya a sami mai ganin laifinsa. Sai ya zaɓi Super Eagles. A 2013 a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Stephen Keshi, ya ci fenariti biyu a ragar Habasha, aka dawo gida da kofin Afirka. Duk da haka Chelsea ta yi ta ba da shi aro shekara uku a jere, Liverpool, Stoke, West Ham, sai da Antonio Conte ya zo ya ba shi gurbi a gefen dama, suka ɗauki Firimiya a 2017.

A koyarwar Kirista wannan jimiri yana da tushe. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa, ya kwatanta rayuwar mai bi da ta ɗan tsere mai horar da jikinsa. Ɗan tsere Kirista Eric Liddell na Scotland ya ƙi gudun mita 100 a Olympics ta Paris a 1924 saboda zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi. Ya shiga mita 400, ya ci zinare. Mutane kan tsaya a zinaren, alhali lokacin da ya ce a'a bai san zai ci komai ba. Ya rasu a 1945 a sansanin fursunoni na Japanawa a ƙasar Sin, inda ya je aikin bishara.

A ganina nan ne masu horarwa ke da aiki. Addu'ar da ake yi a da'ira kafin a take wasa kowa ya iya ta. Ana gane mai bangaskiya ne ranar da aka sha kashi, albashi ya maƙale, ko gwiwa ta kumbura, ga wani na raɗa masa cewa akwai mai ba da sa'a.

A Gusau akwai yara Kiristoci da ke atisaye tare da yaranmu Musulmi. Kocin da ke tsayar da wasa idan an kira magariba, don Allah ya ɗaga wa ɗan wasansa atisayen safiyar Lahadi, kada ya zaunar da shi a benci saboda ya je coci.