Shan Ruwa Ana Cikin Sujada: Rashin Ladabi Ne Ko Kula Da Lafiya?

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafi a garuruwa irin su Yola da Maiduguri kan haura digiri 40. A irin wannan lokaci sujadar Lahadi a majami'u da dama takan ɗauki awa uku ko fiye, ga rufin kwano, ga cunkoso, ga waƙa da rawa. Nan ne tsohuwar muhawara kan taso: ya dace mutum ya zaro gorar ruwa ya kurɓa ana tsakiyar wa'azi?

Masu ƙin haka suna da hujjarsu. A ganinsu ɗakin sujada ba wurin ci da sha ba ne, kuma tarbiyyarmu ba ta yarda yaro ya riƙa tsotsar leda babba na magana ba. Suna kuma kukan ƙarar ledar fiya wata da yadda ake barin ta a ƙarƙashin benci.

To amma ko cocin da ya fi tsaurara doka ya sassauta a kan ruwa. A da, ɗan Katolika da zai karɓi tarayya mai tsarki ba ya cin komai ko shan komai tun daga tsakar dare. A 1953 Paparoma Pius na 12 ya bayyana cewa ruwa ba ya karya wannan azumi, a 1964 kuma Paparoma Paul na 6 ya rage azumin zuwa awa ɗaya. Dokar cocin ta 1983 ta ware ruwa da magani daga haramcin, ta kuma ɗauke wa tsofaffi da marasa lafiya nauyin azumin. A majami'u irin su ECWA da COCIN da EYN kuwa, abin ya fi danganta da al'adar kowace ikilisiya da ra'ayin dattawanta.

Ta fuskar lafiya, babba mai ƙoshin lafiya da ya sha ruwa kafin ya bar gida zai iya jure awa biyu ba tare da wata illa ba. Wasu kuwa jira haɗari ne gare su. Mai cutar sikila, ƙarancin ruwa a jiki na iya tayar masa da ciwo mai tsanani har ya kwana a asibiti. Haka masu ciwon suga, da masu tsakuwar ƙoda, da masu juna biyu, da masu shayarwa, da masu shan maganin hawan jini irin mai sa yawan fitsari. Tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa da wuri ba, yara kuma sukan ji tsoron tambaya. 'Yan kwaya da 'yan zumuntar mata da ke rera waƙa suna zufa su ma suna buƙata.

Ciwon kai, jiri, bushewar baki da fitsari mai duhu alamu ne da bai kamata a jira a tashi sujada ba. A fitar da mutum inuwa, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan ya ruɗe ko ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

Ana iya haɗa ladabi da lafiya. A sha ruwa sosai kafin a fito. A zo da gora mai murfi maimakon leda. Wanda ba lalura ta kama shi ba ya jira lokacin sanarwa ko baiko, ya guji lokacin addu'a da Jibin Ubangiji. Mai lalura ya zauna kusa da ƙofa. Kowane yaro da gorarsa, domin lokacin zafi lokacin sanƙarau ne, kuma cutar na bin yawu. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa nono ya ishe shi, kada a ba shi ruwa.

Saura aikin shugabanni. Idan fasto ya faɗa daga bagade cewa mai lalura ya sha ruwansa ba kunya, aka kuma ajiye tsaftataccen ruwa a bakin ƙofa, hararar da ake yi wa mai gora za ta ragu, kuma ba wata uwa da za ta hana ɗanta mai sikila ruwa don gudun bakin mutane.