An Koma Turanci Zalla, Amma Wa Ya Auna Turancin Yaran?

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya tsaya a wani taro da British Council ta shirya a Abuja ya sanar da cewa gwamnati ta soke manufar koyarwa da harshen uwa. Daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa, tun daga ajin share fage har jami'a. Hujjarsa ita ce yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun rungumi harshen uwa fiye da kima. Ɗan Arewa bai buƙatar a faɗa masa inda aka dosa.

Sai dai lissafin bai fita ba. A ƙarshen 2022 Majalisar Zartarwa ta amince da manufar da aka soke, zamanin ministan ilimi Malam Adamu Adamu, kuma tun a lokacin an ce aiwatar da ita sai an tanadi littattafai da malamai. Yaron da ya zauna WAEC a 2025 kuwa ya bar firamare tun wajen 2019. Ta ina dokar 2022 ta kayar da shi? Ga shi kuma sakamakon shekarar kansa sai da aka fitar da shi sau biyu: da farko an ce kashi 38 cikin 100 ne suka ci darussa biyar har da Turanci da Lissafi, daga baya hukumar ta gano kuskure wajen maki ta mayar da shi kusan kashi 63. An bar jaki ana dukan taiki.

Jakin shi ne wannan: makarantar gwamnati a Najeriya ba ta da wani tsari na gano iya Turancin da yaro ke ji. Tun da daɗewa Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce a koyar da harshen uwa ko harshen gari a shekaru uku na farko, sannan a juya zuwa Turanci a aji huɗu. Ma'ana, an ɗauka cewa duk wanda ya gama aji uku ya tara Turancin da zai ɗauki kimiyya da lissafi da shi. Ɗauka kawai aka yi. Babu gwajin da ake yi wa yaro a bakin aji huɗu, babu takardar da ke biyo shi tana cewa wannan yana ji amma bai iya mayarwa, wancan yana karantawa amma bai gane ma'ana. Shekara ta zagayo, kowa ya wuce gaba.

Duk wanda ya taɓa leƙa irin waɗannan azuzuwa ya san abin da ke biyo baya. Malam ya cika allo da rubutu, ya karanta, yara su maimaita da ƙarfi har a jiyo su daga titi, sannan su kwafa. In malamin mai tausayi ne ya ɗan fassara da Hausa, in mai duba makarantu ya shigo ya koma Turanci. Yaro ya haddace gaisuwar safe da ma'anar suna da aikatau, amma a tambaye shi abin da ya ci jiya da Turanci sai ya sunkuyar da kai. Da yake ba a auna ba, sai a yi masa hukuncin da ya fi sauƙi, a ce daƙiƙi ne. A cikin wannan taro na masu shiru akwai haziƙin da harshe ne kaɗai ya tare shi, akwai wanda kunnensa ke da matsala, akwai wanda bai hango allo. Duk an haɗa su an ba su suna ɗaya.

A Amurka kotu ce ta tilasta wa makarantu su daina wannan. A 1974 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da aka kai a madadin yara 'yan asalin Sin kusan 1,800 a San Francisco, ta ce ba wa yaro littafi ɗaya da malami ɗaya da sauran yara ba adalci ba ne muddin bai jin harshen da ake magana. Yau ranar rajista ana tambayar iyaye harshen da ake yi a gida, a gwada yaron cikin makonnin farko, sannan duk shekara a sake auna saurare da magana da karatu da rubutunsa har ya kai. Ba na cewa mu kwafo tsarinsu yadda yake. Can kusan yaro ɗaya ne cikin goma ke wannan hali, ana iya ware masa malami. A firamaren gwamnati a Kazaure ko Gumi ajin ne baki ɗaya. Wannan ma shi ya sa rashin awon ya fi yi mana ɓarna.

Masu goyon bayan ministan suna da abin faɗa, ba a hana su ba. Jarrabawa da Turanci ake rubuta ta, neman aiki ma haka. Iyaye, har waɗanda ba su yi boko ba, suna biyan kuɗin makarantar kuɗi ne don su ji ɗansu ya dawo gida yana Turanci. A Jos ko Yola aji ɗaya na iya haɗa harsuna goma, kuma ƙasar da ke da harsuna sama da 500 ba za ta buga littafin lissafi da kowanne ba. Gaskiya ne. Amma duk wannan hujja ce ta a koyar da Turanci da kyau. Sanarwa ba ta sa Turanci a bakin malami. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ba malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka sa. A ce wa irin wannan malami kada ya ƙara yin Hausa a aji, to an ƙwace masa hanya ɗaya da ta rage tsakaninsa da yaran.

Abin haushin shi ne an daɗe da gwada mafita a cikin ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajin nan na Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Abin da ake yawan mantawa shi ne an ba su ƙwararren malamin Turanci, wanda aikinsa ke nan. A baya-bayan nan shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, sun koya wa yara karatu da Hausa, kuma an auna yaran da gwaji mai sauƙi: a zauna da yaro shi kaɗai, a ba shi haruffa da kalmomi da ɗan gajeren labari, a ƙirga abin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Ba ya cin kuɗi sosai, kuma ana yin irinsa da Turanci. Matsalar ita ce kusan duk da kuɗin masu ba da tallafi aka yi su, ita kuwa USAID da ta ɗauki nauyin Mu Karanta an rufe ta a 2025.

Hukumomin ilimin firamare na jihohi, wato SUBEB, ba sa buƙatar izinin Abuja kafin su sa a gwada kowane ɗan aji uku a zangon ƙarshe, a rubuta matakinsa a katin sakamako, a ware sa'a guda kullum a raba yara bisa abin da suka iya maimakon lambar ajinsu. In ba a yi ba, abin da sabuwar dokar za ta canza kaɗai shi ne lokacin da yaro zai daina gane malaminsa: da a aji huɗu ne, yanzu tun ranar da aka kai shi.