Ranar da hazo ya hana ni hoton Dutsen Riyom

Washegarin Kirsimeti muka bar Jos tun da asuba, da niyyar ɗaukar Dutsen Riyom daidai fitowar rana. Na cika batir, na rage kaya a waya, har rubutun da zan ɗora a Instagram na tanada. Da muka isa, sama ta yi fari fat. Duwatsun nan da suka hau kan juna kamar an jera su da hannu, sai dishi-dishi ake hangensu.

In ka taɓa shiga wannan hali, ka daina zargin wayarka. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele a ƙasar Chadi, tana warwatsa haske kafin ya iso kyamara. Shi ya sa abin da ke nesa yake fita fari-fari, launi ya kwanta. Jawo hoto da yatsu ba ya magani, domin a yawancin wayoyi yanke hoton kawai ake yi a faɗaɗa shi. Ko wayar miliyan ce, ƙurar tana nan tsakaninka da dutsen.

Raina ya ɓaci sosai, har na fara lissafin kuɗin mota. Wani ɗan'uwa daga zumuntar matasan cocinmu ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, Allah bai yi maka alkawarin shuɗiyar sama yau ba." Na ji haushi, amma maganar ta tuna mini da wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Filibiyawa, inda ya yi zancen wadar zuci a cikin samu da rashi. Yana ɗaure ya rubuta ta, kuma ya nuna cewa koyonta ya yi. Ni kuwa ina tsaye a gaban halittar Ubangiji ina gunaguni don ba ta yi daidai da abin da zai jawo mini yabo ba. Abin da ya fi ba ni kunya ke nan.

Sai na juya wa dutsen baya. Hazo yana tausasa haske, babu inuwa mai kaifi a ƙarƙashin ido, saboda haka fuskar mutum tana fita tas. Na goge gilashin kyamara (a hunturu ka riƙa yi a kai a kai, da ƙyalle mai laushi), na danna fuskar abokina na riƙe har haske ya tsaya, sannan na ɗan rage shi. Daga baya na ɗauki wata bishiya baƙa ƙirin, rana a bayanta kamar faifai.

Dehaze na Lightroom yana taimakawa, amma in ka cika shi sama takan yi datti-datti. Na gwada a hoton dutsen, na mayar da shi yadda yake. Hoton abokina cikin rigar sanyi kuwa mahaifiyarsa ta sa an wanko mata, yana rataye a falonta.