Gani Ya Kori Ji? Ba Kullum Ba

Tun muna yara ake koya mana cewa gani ya kori ji. Amma ya masu karatu, zamani ya kawo wani abin da zai sa mu sāke tunani.

A watan Janairu na 2024, wani ma'aikacin sashen kuɗi a ofishin kamfanin Arup da ke Hong Kong ya sami saƙo, wai daga babban ma'ajin kamfanin a Ingila, cewa a biya waɗansu kuɗi a asirce. Da fari ya yi shakka. Sai aka kira shi taro ta bidiyo a kwamfuta. Ga ma'aji, ga abokan aikinsa, ya ga fuskokinsu, ya ji muryoyinsu. Hankalinsa ya kwanta. Ya aika da kuɗi har sau 15, jimla dalar Hong Kong miliyan 200, wato wajen dalar Amurka miliyan 25. Ashe a taron nan duka shi kaɗai ne mutumin gaske! Bai gane ba sai da ya tuntuɓi hedkwata daga baya.

Ƙaƙa aka yi haka? Akwai wata fasaha da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Akan ba kwamfuta hotunan mutum da muryarsa, irin waɗanda akan samu a intanet. Sai ta koyi yadda yake motsa baki da yadda yake furta magana, sa'an nan ta sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗi ba. A 2023 masu bincike na kamfanin Microsoft sun nuna wata dabara da ke kwaikwayon muryar mutum bayan ta saurare shi na daƙiƙa 3 kacal.

Kada mu ce wannan na manyan kamfanoni ne kaɗai. Wanda ya iya arar muryar ma'aji, zai iya arar muryar ɗanka da ke makaranta a birni, ya kira da kuka yana neman kuɗin asibiti.

To, ina mafita? Mu lura, macuci yakan zo da abu biyu: gaggawa da asiri. In an ce ka biya yanzu yanzu, kada kuma ka gaya wa kowa, sai ka dakata. Kashe wayar, ka kira mutumin da kanka a lambar da ka saba. Maigida da uwargida su zauna da 'ya'yansu, su shirya wata kalma wadda 'yan gida kaɗai suka sani. A kuma koya wa kakanni, gama tausayin jika yakan rinjaye su.

Mutumin nan na Hong Kong ba wawa ba ne. Shakkarsa ta fari daidai ce, idonsa ne ya ruɗe shi. Da ya tambaya kafin ya biya, da kuɗin na nan. Matambayi ba ya ɓata.